Tsohon Doki Sai Mai Shi: Wata Biyar da Fijon Babanmu

A cikin masu karanta mujallar nan, da wuya a samu wanda ba a taɓa ɗaukar wani nasa a Peugeot 504 ba, wadda iyayenmu ke kira fijo. In ba ita ta kai mahaifiyarka asibiti ranar da za a haife ka ba, to ita ce wagon ɗin da kakanka ke shiga daga tashar Kawo zuwa Kano, mutum tara a ciki, buhun masara a baya. A Faransa aka fito da ita a 1968, shekarar da ta biyo baya aka zaɓe ta motar shekara a Turai, a 1975 kuma ta ci gasar tseren Safari a Kenya. Amma mu nan abin da ya fi damunmu shi ne, tun tsakiyar shekarun 1970 a Kakuri ake harhaɗa ta, nan cikin garin Kaduna, aka kuma ci gaba da yi har tsakiyar shekarun 2000, bayan Turawan da suka ƙirƙiro ta sun daɗe da barinta. Ita ce motar gwamnati, ita ce ta ɗan kasuwa, ita ce ta haya. Yau kuwa in ka ga ɗaya a titi sai ka waiwaya.

Tamu salun ce. Baba ya saye ta da rancen mota a farkon shekarun 1980, lokacin yana malamin sakandare. Ya tuƙa ta har sai da idonsa ya fara ba shi matsala, sannan ya ajiye ta a gindin mangwaron tsakar gida, da nufin in an yi masa aiki ya ci gaba. Shekara shida tana nan. Bara waccan Allah ya yi masa rasuwa.

Da aka zo rabon gado, gidan dai an bar shi tunda Umma na ciki, aka raba ɗan abin da ya bari a banki, sai aka zo kan mota. Yayanmu babba bai ɓoye ra'ayinsa ba. Ya ce, “Wannan ai gwangwan ce. A kira 'yan jari bola su auna, a raba kuɗin, a huta.” Kuma yana da hujja, don aure zai yi, daidai inda motar take nan ne kaɗai filin da zai iya fitar da ɗaki da falo. Ni kuma na ce a bar mini ita.

Kawu ne ya raba gardamar, shi ma ba da wasa ba. Ya ce, “Ɗana, wannan motar ba taka ba ce kai kaɗai, akwai haƙƙin marayu a ciki. In kana so, a yi mata kuɗi yadda take a yanzu, a cire daga rabonka. Kada gobe ka gyara ta yi kyau wani ya ce yana da kaso, kada kuma ta gagare ka ka ce a biya ka wahalarka.” Aka kira mutum uku suka yi mata kuɗi, aka rubuta a takarda, kowa ya sa hannu. Yaya ya ƙara sharaɗi ɗaya: kafin ƙarshen Disamba ta bar gindin mangwaron, ko da ƙafarta ko a jan ta. Rabon nawa kuwa shi na yi niyyar ajiyewa don rajistar HND. Kenan da kuɗin karatuna na sayi tsatsa, ina sane.

Aikin farko ba na guduma ba ne, na bincike ne. Na wanke ta tas, na ciro maganaɗisu daga tsohuwar sifikar rediyo, na naɗe shi a tsumma, na riƙa bin jikin motar da shi taƙi bayan taƙi. Inda ƙarfe ne zalla sai ya manne. Inda aka cika da fila sai ya yi sanyi ko ya faɗi. Duk inda fenti ya yi ƙuraje kuma sai in sa bakin sukudireba in danna. Wannan dannawar tana buƙatar taurin zuciya, domin wurin da ido ke gani kamar ƙurjin da bai kai kwabo ba, kana dannawa sai ka ga hannunka ya wuce ciki.

Dalilin haka mun yi shi a aji, sai dai a allo bai da tsoro. Ƙarfe in ya haɗu da ruwa da iskar oksijin yakan koma tsatsa, tsatsar kuma ta fi ƙarfen da ta ci cin wuri, shi ya sa take ɗaga fenti ta kumbura shi. Alminiyom ma yana haɗuwa da oksijin, amma nasa ɓawon siriri ne mai kama jiki, yana rufe ƙofa ya hana ɓarnar ci gaba. Ta ƙarfe kuwa burtsattse ce kamar soso, tana shan ruwa tana riƙewa, tana ciyar da kanta. Abin da ya fi muni, a mota galibi daga ciki take farawa ta fito waje. Kafin ka gan ta a fenti ta riga ta gama da bayan.

Mutane kan ce motar Arewa ba ta tsatsa, sai ta Legas da iskar teku ke bugu. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ga motar da ta yi damina shida a gindin bishiya a Kaduna ba. A ƙasan kowace ƙofa akwai 'yan ramuka da aka yi don ruwan da ya bi gilashi ya sauka ya fita. Jar laka ta toshe su duka, ƙofofin huɗu suka zama randuna. Ganyen mangwaro ya cika magudanar da ke ƙarƙashin gilashin gaba ya ruɓe a wurin, ruwa ya samu hanya ya riƙa ɗiga ƙafar direba, tabarmar roba kuma ta rufe shi ta hana shi bushewa. Mazaunin batir ruwan batir ya cinye shi tun Baba na tuƙi. Sauran kuma kajin Umma suka ƙarasa, don kashin kaji yana cin fenti in ya daɗe.

Abin da ya tsorata ni shi ne dokin ƙofa, wato dogon ƙarfen nan da ke ƙarƙashin ƙofofi daga tayar gaba zuwa ta baya. Salun ɗin 504 ba irin babbar mota ba ce da ake ɗora jiki a kan shasi daban. Jikin ne shasin, an naɗe falankin ƙarfe an yi akwatuna an haɗa da walda, dokin ƙofar nan kuma yana daga cikin ƙashin bayanta. In ya ruɓe, motar na iya sheƙi kamar madubi amma ranar da aka yi karo za ta naɗe kamar gwangwanin madara. Na ɓangaren direba ya huje a wuri biyu. Na ɗaya ɓangaren da sauƙi.

A kan tayar baya ta hagu kuwa maganaɗisun ya faɗi ƙasa gaba ɗaya. Na sa injin gurza na shiga. Fila ce mai kaurin yatsa biyu, ina ci tana fitar da farar ƙura, har na isa wani abu mai launi. Gwangwanin madarar gari ne aka buɗe aka baje, aka cusa takardar buhun siminti a bayansa don ya tokare, aka lafta fila a kai. Na kira Umma ta gani. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ta tuna, wata shekara ce da aka buge su a hanyar dawowa daga Zariya, Baba ya kai gyara, ya dawo yana ta yabon mai gyaran cewa ko alama ba a gani. Ya rasu bai san da gwangwani yake yawo ba.

Na ji haushin mutumin, ko wane ne shi. Amma da na zauna na yi lissafin kwanakin da gyaran gaskiya ke ci, sai na ga laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Mu masu mota sheƙi muke saye. Za mu yi ciniki har mu raba kuɗin biyu, mu ce gobe muke son motar, sannan mu yi mamakin abin da aka binne mana. Wanda zai yanke ruɓaɓɓen ƙarfe ya dasa sabo sai ya yi kwana uku a wurin da mai fila zai gama kafin la'asar, kuma ranar karɓa duk ɗaya suke a ido. Sai bayan damina biyu ake sanin wane ne wane.

Walda kam ban yi gangancin cewa ni zan yi ba. A wokshof mun taɓa waldar lantarki a kan ƙarfe mai kauri, amma jikin mota bai kai milimita ɗaya ba a wurare da yawa, kana kai masa wutar nan zai huje. Na tafi Panteka na yi ta tambaya har aka nuna mini wani dattijo da aka ce ya yi shekaru yana gyaran jikin fijo. Na roƙe shi ya zo gida, tunda motar ba ta tashi. Ya ce Lahadi kaɗai yake da sarari. Lahadi huɗu ya yi mana, yana zuwa da silindojin gas ɗinsa a Keke.

Ranar farko bai kunna wuta ba sai da muka cire batir, muka fitar da kujeru da kafet da duk wani abu mai kamawa, sannan ya ce a sauke tankin mai. Na ce, “Oga, ai shekara shida ba ɗigon mai a ciki.” Ya dube ni ya ce, “Ɗan makaranta, wanda ba mai ɗin shi ke kashe mutum.” Haka ne kuwa. Fetur a ruwansa ci yake yi, amma tururinsa in ya gauraya da iska a rufaffen wuri fashewa yake. Muka kai tankin can bayan gida.

Yadda yake aiki abin kallo ne. Zai yanke ruɓaɓɓen wuri, ba ya tsayawa sai ya kai inda ƙarfe ke fari yana ƙara in an ƙwanƙwasa, ko da ramin zai ninka abin da na zata. Sai ya ɗora kwalin taliya a kai, ya bi gefen da babban yatsa har siffar ramin ta fito, ya yanke kwalin, ya ɗora a kan sabon ƙarfe ya zana. Sabon ƙarfen ma ba sabo ba ne, bonet ɗin wata matacciyar fijo ce muka sayo, don kaurinsu ya zo ɗaya. Na kawo shawarar ragowar kwanon rufi da ke gida ya ce a'a, kwano ya yi siriri, kuma abin da aka shafe shi da shi in ya ji wuta hayaƙinsa na sa zazzaɓi. Wannan ma na same shi a littafi daga baya, sinadarin zinki ne.

Ba ya jan walda a miƙe. Zai ɗiga nan, ya tsallaka can nesa ya ɗiga, ya dawo tsakiya, ya dangwala jiƙaƙƙen tsumma, ya ɗauki guduma da ƙarfen tokare ya daddaka wurin tun da zafinsa. Ni na san sunan abin da yake gudu, mun rubuta shi a jarrabawa: zafi na buɗa ƙarfe, sanyi na tsuke shi, in abin ya taru wuri ɗaya falankin ya murɗe. Shi bai san sunan ba, launin ƙarfen kawai yake kallo ya san lokacin ɗagawa. Ya ce mini wata rana, yana goge zufa, “Ku kun san sunan komai, mu mun san halinsa.” Ban ji daɗin maganar ba a lokacin. Muna ta kukan ana fifita masu digiri a kanmu, muna cewa mu ne masu aikin hannu, amma mu faɗi gaskiya tsakaninmu: mu nawa ne a ajinmu za su iya dasa ƙarfe mai faɗin tafin hannu ba tare da ya murɗe ba? Tsakanin ƙofar makaranta da rumfar mutumin nan tafiyar ƙafa ce.

Da ya gama nasa ya tafi, sauran ya zama nawa, kuma sauran shi ne mafi yawa.

Lokacin tsakiyar damina ne, ga hutu ya zo daidai. A irin wannan yanayi ƙarfen da ka gurje da yamma kafin safiya ya yi ja-ja, har shatin yatsunka za ka gani inda ka dafa. Don haka ban tuɓe motar gaba ɗaya ba, ɓangare ɓangare na bi. In gurje ƙofa ɗaya, inda tsatsa ta yi 'yan ramuka marasa zurfi in shafa ruwan kashe tsatsa, wanda asid ɗin fosforik ne a cikinsa, yana mayar da jar tsatsa baƙa mai tauri. In goge, in bari ya bushe sarai, in rufe da faraima a ranar. Ruwan nan fa ba ya mayar da ƙarfen da ya tafi. Masu sayarwa za su ce maka yana maganin komai, amma iyakarsa tsatsar sama.

Fila ba abar ƙi ba ce, wurinta ne ba a sani ba. Aikinta ta cike 'yan lotsawar da guduma ta bari, kaurin da bai wuce milimita biyu ko uku ba. Ba a toshe rami da ita. Ina kwaɓa ta a kan fasasshen tayil, fila kamar ƙwan zabo, maganin daskarewa kamar ƙwayar wake, a murza har launin ya zama ɗaya. A zafin garin nan minti biyar ba ta kaiwa ta fara kamawa, saboda haka kaɗan kaɗan ake yi. Kuma ba a sa mata ruwa wajen gurza, don tana sha ta kai wa ƙarfen da ke ƙasa.

Sai samfefa. Jama'a, in wani ya ce muku fentin mota feshi ne, bai taɓa yi ba. Feshin yini ɗaya ne. Gurzar ta ci mini sama da sati shida. Ana farawa da mai lamba 80 don a fitar da siffa, a koma 180, a koma 320, kowace tana share karcen wadda ta gabace ta. Ba a riƙe ta da yatsu, sai an naɗa a kan miƙaƙƙen katako, in ba haka ba yatsun za su tona kwari uku da ba za ka gani ba sai fenti ya hau. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta baƙin feshi: bayan faraima ta bushe sai a ɗan watsa baƙin fenti sama sama kamar ƙura, a bi da katako. Inda baƙin ya rage, kwari ne. Inda ƙarfe ya leƙo, tudu ne. Jikin da kake rantsuwa ya miƙe sai ka gan shi kamar taswirar Filato.

Ita 504 kuma ba ta da inda za ka ɓoye. Gefenta dogo ne shimfiɗaɗɗe, ga layi ɗaya da ya taho tun daga fitilar gaba har baya, ga karyewar nan ta murfin but da kowa ke gane ta da ita. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta, kuma sai da na yi sati ina bin layin nan da katako na gane cewa ba a miƙe yake ba, yana da ɗan lanƙwasa da ido ba ya kamawa sai tafin hannu.

Autarmu ce ta zama mai duba mini aiki. Takan rufe ido, ta shimfiɗa tafin hannu a kan ƙyalle ta bi jikin ƙofa, ta ce, “Yaya, nan akwai saura.” Ba ta taɓa faɗa ya zama babu ba. Ni kuwa zanen yatsuna ya shafe har wayata ta daina gane ni, sai da lambobi nake buɗewa. Da aka koma makaranta abokai suka riƙa tambaya ko aikin birkila na yi a hutu, saboda farar ƙurar da ta ƙi fita daga farcena.

Yaya yakan tsaya in ya dawo daga kasuwa, ya kalli motar da ta zama dabbare-dabbare kamar akuya, ya ce, “Malam, Disamba fa na tafe.” Ba da mugunta yake faɗa ba. Ranar da samfefa ta ƙare mini ba ni da ko sisi, da safe na tarar da sabon bandir a kan bonet, bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Maganar launi ta zo da abin da ban zata ba. Mu duka a gidan mun tashi muna ce mata farar mota. Da zan je wurin mai haɗa fenti sai na kwance murfin but na ɗora a Keke na kai masa, ya duba cikinsa inda rana ba ta taɓa gani ba. Ya haɗa, ya ɗiga a gefe, ya bari ya bushe, ya ƙara ɗigon rawaya, ya sake. Abin da ya fito ruwan madara ne mai duhu, kusan launin man shanu. Na ce anya? Na kawo gida a murfin gwangwani na nuna wa Umma ba tare da na ce komai ba. Ta karɓa ta matsa bakin ƙofa wurin haske. Ta ce, “Haka take ranar da ya kawo ta.” Ta miƙo mini ta shige ɗaki. Shekara arba'in na rana ne suka mayar da ita fara, mu kuma a farar muka same ta.

Irin fentin da za a saya ma sai da na yi tunani. Wanda masu gareji suka fi so yanzu shi ne mai haɗi biyu, wanda ake zuba wa maganin tauri. Ya fi ƙarko, ya fi sheƙi. Amma a cikin maganin taurin akwai sinadarin da ake kira aisosayanet, mai lalata huhu, yana jawo asma da ba ta warkewa, kuma tsumma a hanci ko takunkumin asibiti ba sa tare shi. Duk wanda ya ga yaran gareji suna feshi da hankici a fuska, daga baya a ba su madara wai ta wanke ƙirji, ya san abin da nake nufi. Madara ciki take zuwa, ba huhu ba. A tsakar gidan da Umma ke kwana, ga yaran maƙwabta, ban ga dalilin kawo shi ba. Na ɗauki na da, fentin selulos. Yana bushewa da wuri, ƙura ba ta samun lokacin mannewa sosai, in an samu aibi ana iya gurzawa a goge. Aibinsa shi ne rana na cinsa, sai ana yi ana shafa masa man goge mota. Shi ma tinarsa ba abin shaƙa ba ce kuma tana kama wuta, don haka na sayi takunkumi mai gwangwanin gawayi. Na kuma gwada shi a ɓoyayyen wuri tukuna, don selulos kan tayar da wani tsohon fentin ya yamutse shi.

Lokacin feshi kuwa ba ni na zaɓa ba, Kaduna ce ta zaɓa. A damina laima na sa selulos ya yi hazo fari-fari. In hunturu ya shigo ƙura ce za ta zauna a kai. Tsakanin ɗaukewar ruwa da saukowar ƙura akwai 'yan makonni, daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, nan na sa ido. Kafin ranar na yi kwana uku ina gwaji a kan ƙofar wani mataccen firij har hannuna ya zauna: tazarar taƙi ɗaya daga jiki, hannu na tafiya a miƙe ba lilo ba, kowane layi ya hau rabin na baya, a fara tafiya kafin a danna, a saki kafin a tsaya. In ka matso da yawa fenti ya yi hawaye. In ka yi nisa ya bushe a iska ya sauka kamar ɓawon lemo.

Ranar Asabar ce. Daren Juma'a muka kafa rumfa da tamfol ɗin da na aro wurin mai hayar kujerun biki, muka rufe gilasai da tsofaffin takardun lakca (a ƙarshe dai handawut ɗin lissafi ya yi amfani). Kwamfuresa ta mai facin bakin layinmu ce, janareta na haya. Kwamfuresar masu faci tana tofar da ruwa da mai tare da iska, ɗigo ɗaya kuma ya isa ya buɗe ido a fenti, saboda haka na zubar da ruwan tankinta na ɗaura matatar ruwa a bakin tiyo. Bayan asuba Auta ta yayyafa wa ƙasa ruwa, aka kulle kaji, Umma ta yi girki tun dare don kada a hura wuta, na bi maƙwabta gida gida na roƙe su kada a yi shara ko ƙona bola sai azahar. Duk suka yarda, wasu har suka turo yara su hau katanga kallo, na kore su saboda tururin.

Na fara da rufi, na sauko bonet da but, sannan gefe. Shafi na farko siriri ne, ana hango faraima ta cikinsa. A jira kamar minti goma sha biyar, a sake. Shafi biyar na yi. A na huɗu wani ƙwaro ya faɗo tsakiyar rufi ya yi ta iyo. Oga ya riga ya gargaɗe ni cewa in haka ta faru kada in kai hannu, in bar shi ya bushe a wurin. Bayan sati biyu, da fentin ya yi tauri, na bi duk jikin da samfefa mai lamba 1500 da ruwan sabulu, na goge da man gogewa, ƙwaron ya tafi ya bar ɗan tabon da ni kaɗai na san inda yake.

Inji bai ba da wahalar da na ji tsoro ba. Wani makanike ya wanke kafireto, muka canza mai da fulogi da tiyoyin birki, muka mayar da tanki bayan an wanke shi, ta yi tari sau uku ta kama. Ranar 20 ga Disamba ta fita daga gindin mangwaro da ƙafarta. Kwana biyu bayan haka masu haƙa harsashin ginin Yaya suka fara aiki.

A lissafi, Yaya ne ke da gaskiya. Abin da na kashe a ƙarfe da gas da fila da fenti ya haura kuɗin da aka yi wa motar, in na sayar yau da wuya in mayar, ba a ma maganar wata biyar na gurza. Kuɗin rajistar HND yanzu sai na nemo rabinsa. Abin da ya rage mini fargaba shi ne, tun da aka gan ta a layi mutum biyu sun kawo mini aiki, ɗaya ƙofar Golf, ɗaya tankin babur, Oga kuma ya ce in na gama jarrabawa in riƙa zuwa rumfarsa ranar Asabar ya koya mini riƙe wutar gas.

Aiki bai ƙare ba. Cikin dokin ƙofa da cikin ƙofofi, inda walda ta ƙone fentin baya, na fesa musu mai mai kauri ta 'yan ramuka, kuma sai an riƙa sabuntawa kafin kowace damina, a kuma riƙa zura waya a ramukan ƙasan ƙofa don kada su sake toshewa. Robobin gilashin baya sun bushe sun tsage, ina ta nema ban samu masu kyau ba, duk wanda ya san inda ake da su ya neme ni a sashen injiniyan kanikanci, ajin ND II. Ranar Talata da Alhamis nakan zo da ita, ina ajiyewa a bayan wokshof inda inuwa take. Masu ɗaukar hoto da ita ban hana ba, amma don Allah a daina zama a kan bonet, maɓallan aljihun wandon jins suna karce fenti.